Wa Ke Riƙe da Gari? Misalin Kazaure

Idan rigimar iyakar gona ta tashi a Kazaure, ko aka ga baƙon da ba a yarda da take-takensa ba, da wuya wani ya nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Wajen mai unguwa ake farawa. In ta fi ƙarfinsa a kai wa dagaci, daga nan hakimi, har ta kai fada. Amma rumfar kasuwa, kuɗin tasha, mayanka, maƙabarta da kwashe shara, duk waɗannan tsarin mulkin 1999 ya danƙa su ga ciyaman da kansiloli. Shi kuwa sarki, tsarin mulkin bai ba shi aiki ko ɗaya ba. Ga shi kuma shi ne jama'a suka fi sani.

Sai an koma baya ake gane yadda aka yi haka. Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, a tsakanin ƙasashen Kano, Katsina da Daura. Da Turawa suka zo ba su rushe sarauta ba, sai suka mayar da ita En'e. 'Yan doka, gidan yari, kotun alƙali, baitulmali, duk suna hannun sarki. Dagaci da mai unguwa su ke bi gida-gida suna tara haraji, a karɓi jangali a wajen makiyaya. A lokacin, wanda ke karɓar kuɗin talaka shi ne ke yi masa shari'a, shi ne kuma ke iya ɗaure shi. Irin wannan iko ne 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta yaƙa.

A hankali aka zare shi. Gwamnatin Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Garambawul na 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin Najeriya, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. A 1979 gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, wadda Kazaure ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai tun daga nan ƙaramar hukuma ta rage dogaro da aljihun mutanen gari, ta zuba wa kason tarayya ido. Wanda ba kai kake ciyar da shi ba kuwa, ba lallai ya ji maganarka ba.

Yau ƙasar masarautar ta kasu ƙananan hukumomi 4, wato Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, cikin 27 na jihar da 774 na ƙasa. A rubuce, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya rabon ƙananan hukumomi ne. Amma shekara da shekaru kuɗin sai sun bi ta asusun haɗin gwiwa da ke ƙarƙashin jiha, kuma hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ciyaman. Shi ya sa a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun, wasu gwamnonin ma su naɗa kantomomi kawai. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura kuɗin kai tsaye, kuma ga zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai. Hukuncin bai taɓa batun wanda ke shirya zaɓen ba, alhali a ganina nan gizo ke saƙar.

Kansila ne ya fi shan wahalar wannan tsari. Gidansa na cikin unguwa, kowa ya san ƙofarsa, don haka shi ake tarewa da takardar asibiti da katin biki, ga shi ba shi da ta cewa a kan kasafi. Abin da ya gagare shi, sai ƙungiyoyin ci gaban gari su ɗauka: matasa su fito aikin gayya su yashe magudanai kafin damina, kwamitin masallaci ya tara kuɗin gyaran famfo, 'yan sintiri su kwana suna zagaye. Ko ma'aikatan allurar shan inna, da ƙyar a buɗe musu ƙofa in ba mai unguwa ne ya rako su ba.