Turmi, Ƙota da Azara: Kimiyyar Gyaran Kayan Ice a Karkarar Kano

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Dawakin Tofa, ko Bichi, ko Minjibir, ko Ɗambatta, zai lura cewa gona tana manne da gona, kuma da wuya a ga daji na sosai. Tun a shekarar 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka wallafa bincike a kan wannan yanki, wanda yawan jama'arsa ya haura mutum 140 a kowace murabba'in kilomita. A irin wannan wuri kowace bishiya tana da mai ita. Saboda haka idan turmi ya tsage, ko gara ta cinye azara, asarar ba ta kuɗi ba ce kawai, har da bishiyar da za a sare domin a maye gurbinsu. Kirya, wadda masassaƙa suka fi so domin turmi da taɓarya, ba ta girma da sauri. To, me ke lalata kayan ice, kuma yaya za a tsawaita rayuwarsu?

Ice da ruwa

Jikin ice tarin ƙananan bututu ne waɗanda suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Bangon bututun an gina shi da sinadarin selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen ice, da kuma lignin mai ɗaure su wuri guda. Idan aka sare bishiya, ruwan da ke cikin ramin bututun shi ke fara fita, kuma icen ba ya canza girma. Amma da zarar damshin ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, sai ruwan da ke cikin bangon ya soma fita, icen ya fara tsukewa.

Ko bayan ya bushe, ice ba ya daina mu'amala da iska. A watan Agusta, lokacin da laimar iska kan kai kashi 80 cikin ɗari, ice yakan riƙe ruwa kimanin kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. A lokacin hunturu kuwa, idan laimar ta faɗi zuwa kashi 20, ruwan yakan koma ƙasa da kashi 5. Wannan ne dalilin da ya sa ƙyauren katako ke cijewa da damina, sannan ya saki da rani.

Tsagewar turmi

Ice ba ya tsukewa daidai ta kowace fuska. A tsawonsa kusan ba ya raguwa. A kewayensa kuwa yakan tsuke kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga ɓawo zuwa tsakiya. Turmi daga gungume guda ake sassaƙa shi, don haka idan ya bushe da gaggawa sai kewayen ya gaza wa cikin, ya tsage. Bugu da ƙari, baki da gindin turmi, inda aka yanke bututun, sun fi gefensa saurin fitar da ruwa sau goma ko fiye.

Maganin wannan shi ne a busar da sabon turmi a inuwa sannu a hankali, a shafa masa man kaɗanya a baki da gindi. Idan ya riga ya tsage, a ɗaure shi da ƙarfe ko da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, wadda take ƙara matsewa yayin da take bushewa.

A nan akwai darasi daga gyartai. Kafin ya ɗinke ƙwarya da zaren saiwar goriba, yakan huda ta a gefen tsagar. Idan aka ƙara huda ɗaya daidai inda tsagar ta ƙare, da wuya ta ci gaba. A shekarar 1913 wani injiniyan Ingila, Charles Inglis, ya nuna cewa ƙarfin da ke jan abu yana taruwa ne a tsinin tsaga, kuma rami mai zagaye yana rarraba shi. Masu gyaran ƙarfe suna amfani da wannan dabara har yau.

Ƙotar da ta saki

Manomi yakan tsoma fartanya ko gatari a ruwa idan ƙota ta saki. Haƙiƙa icen zai kumbura ya kama ruwan fartanyar. Sai dai ƙarfen ba ya matsawa, saboda haka bututun da ke kusa da shi sukan murƙushe, kuma ba sa komawa yadda suke. Da icen ya sake bushewa sai ƙotar ta fi da saki. Abin da ya fi shi ne a saka ƙota da rani, lokacin da icen ya gama tsukewa, a toshe giɓin da busasshen tsinken ice mai tauri, sannan a shafa mai.

Gara da ƙwari

Gara ita ce babbar abokiyar gabar magidanci. Irin wadda ke gina suri tana kai gutsattsarin ice cikin gidanta, ta noma wani naman gwari a kansu, shi kuma ya narkar mata da abincin. Rauninta ɗaya ne: jikinta ba ya jure bushewa. Shi ya sa take gina hanyar laka a jikin bango. Duk wanda ke duba ɗakinsa yana rushe wannan hanya, yana kuma ɗora turmi da akwati a kan dutse, ya riga ya yi rabin yaƙin.

Zaɓen ice ma yana da muhimmanci. Farin sashen da ke kusa da ɓawo yana ɗauke da sitaci, wanda ke jawo ƙananan ƙwarin nan masu huda ice suna zubo da gari. Zuciyar ice mai duhu kuwa, musamman ta kirya, cike take da sinadaran da ke korar ƙwari. Giginya daban take, domin ƙarfinta yana sashen waje mai baƙin zare, cikinta kuwa taushi gare shi. Azara mai fari da yawa ba ta daɗewa. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a shekarar 1928, tana da sinadarin azadiraktin, wanda masana suka ware a 1968, mai hana ƙwari cin abinci. Man 'ya'yanta yana taimakawa, amma sai an riƙa sabunta shafawar.

Gargaɗi

Wasu suna shafa baƙin man inji domin korar gara. Wannan mai yana ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, don haka kada ya kusanci turmi, ko akushi, ko muciya. Haka nan maganin Gammalin 20 guba ne. Sinadarin lindan da ke cikinsa an hana amfani da shi a aikin gona ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm tun shekarar 2009.

Aiki ga ɗalibai

Malami zai iya sa ɗalibai su yanko ɗanyen reshen darbejiya mai kauri, su auna nauyinsa da kewayensa kowane mako har tsawon wata biyu, su rubuta sakamakon. Za su ga nauyin ya fara raguwa tun kafin kewayen ya motsa. Sannan su kafa turakun darbejiya, da gawo, da kirya kusa da suri, su duba wanda gara za ta fara ci.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Turmin da aka kula da shi har uwa ta bar wa 'yarta, kirya guda ce da ta tsira a gona.