Kuɗin hidima: Haya ta biyu da mazauna rukunin gidajen Abuja ke biya

Duk ma'aikacin da ya taɓa neman gida a Lokogoma, Lugbe, Galadimawa ko Dawaki ya san cewa kuɗin haya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Bayan dillali ya karɓi la'adarsa, lauya ya karɓi kasonsa, sai kuma a miƙo wata takarda daga ƙungiyar mazauna rukunin gidajen. A cikinta akwai kuɗin masu gadi, kuɗin kwashe shara, kuɗin ruwa, kuɗin gyaran hanya, wani lokaci har da karo-karon sayen taransifoma. Wannan shi ne kuɗin hidima, wanda a yau ya zama haya ta biyu a wuyan dubban iyalai a babban birnin tarayya.

Lamarin yana da asali. A shekarar 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa tsabar kuɗi, inda gwamnati ta janye hannunta daga bai wa yawancin ma'aikatanta masauki. Daga bisani aka sayar da gidajen gwamnati a Abuja lokacin da Nasir El-Rufai ke ministan birnin. Wanda ya samu ya saya, wanda bai samu ba ya nufi bayan gari. A can kuwa kamfanonin gine-gine ne suka karɓi manyan filaye a ƙarƙashin shirin samar da gidaje masu yawa, bisa fahimtar cewa gwamnati za ta kawo manyan hanyoyi da ruwa da wuta zuwa bakin rukuni, su kuma su kammala na ciki. A wurare da dama an sayar da gidajen, an tare, amma kwalta da famfo ba su iso ba. Giɓin da aka bari shi ne ƙungiyoyin mazauna suka gada.

Shi ya sa ƙungiyar mazauna a Abuja ta fi kama da ƙaramar hukuma. Ita ke ɗaukar masu gadin ƙofa, ita ke haƙa rijiyar burtsatse a inda bututun ruwan madatsar Usuma bai kai ba, ita ke cike ramukan hanya bayan damina, ita ke yashe magudanan ruwa. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ta nuna wa kowa abin da ke faruwa idan ruwa ya rasa hanyar wucewa. Haka kuma yawaitar satar mutane a yankunan Bwari a farkon 2024 ta sa rukunoni da dama ƙara masu gadi da fitilu, kuma kowane ƙari a aljihun mazauna yake ƙarewa.

Sai dai tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ya sauya baki ɗaya. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowace yunit, kafin a ɗan rage daga baya. Zuwa Disambar shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Injin tura ruwa yana cin wuta, motar shara tana shan mai, mai gadi kuma yana da iyali, dole ya nemi ƙari. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma ma'aikaci ya san cewa kasuwa ta riga ta cinye ƙarin tun kafin ya shigo asusu.

A nan ne zaman tare ke fara tsami. Masu gida sukan so a zuba kuɗi a kwalta da katanga, domin hakan na ɗaga darajar kadararsu. Ɗan haya kuwa, wanda ƙila baɗi ya tashi, yana tambayar dalilin da zai sa ya gina abin da ba nasa ba. A wasu rukunoni ɗan haya yana biya daidai da mai gida, amma ba shi da ƙuri'a a zaɓen shugabanni. Wanda ya gaza biya kan ga sunansa a manne a ƙofa, ko a bar motarsa a waje, ko a yanke masa ruwa. Ga magidanci mai daraja a ofis, wannan kunya ta fi bashin ciwo.

Ƙorafi mafi girma shi ne biya sau biyu. Hukumar kare muhalli ta AEPB na da nata kuɗin shara, ƙananan hukumomi irin su AMAC na neman harajin gini, hukumar birnin kuma na karɓar harajin fili, wanda ministan Abuja Nyesom Wike ya tsananta a kansa har aka soke takardun filaye 4,794 a watan Maris na 2025. Mai gida yakan juye nauyin a kan haya, ɗan haya ya sake biyan ƙungiya domin ayyukan da harajin ya kamata ya yi.

Duk da haka mazauna ba su rasa madafa ba. Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020 tana da amintattu da kundin tsarin mulki, kuma wajibi ne ta riƙa adana bayanan kuɗi tare da miƙa rahoton shekara. Mamba na da hujjar neman ganin inda kuɗinsa ya tafi. Mai neman gida kuma zai yi wa kansa adalci idan ya tambayi nawa ne kuɗin hidima, me ya ƙunsa, yaushe aka ƙara shi na ƙarshe, da kuma wa zai biya karo-karon manyan ayyuka, sannan ya sa a rubuta amsar a yarjejeniyar haya kafin ya biya ko kwabo. Rigakafi ya fi magani.

Bayan an tare kuma, taron ƙungiya ba wurin ƙaurace wa ba ne. A can ake yanke adadin da kowa zai biya, kuma waɗanda suka halarta ne ke yanke shi a madadin waɗanda suka zauna a gida.