Tsofaffi a Gida, 'Ya'ya a Ƙetare: Abin da Gaisuwar Waya Ke Ɓoyewa

Alhassan Dantata ɗan Bebeji ne. A can aka haife shi a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta kama hanyar Akra, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutanen wannan yanki sun saba da gida guda, rabinsa a nan, rabinsa a wata ƙasa.

Tafiyar ba ta tsaya ba. 'Yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna zangon Kumasi, suna Nima a Akra, suna Jidda da Makka, wasu suna Libiya, kaɗan kuma karatu ko aikin asibiti ya kai su Ingila. Bambancin shi ne a da tsofaffi ake bar wa amanar yara, yanzu kuwa su kansu tsofaffin ne amanar, kuma sau da yawa ba a ce ga takamaiman wanda aka damƙa wa ba.

Kuɗi dai suna zuwa. Bankin Duniya na ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida da kimanin dala biliyan 20 a shekara, kuma mai POS a Kwanar Dangora ko Tiga ya san gidajen da ake turo wa. Labari na gaskiya ne ba ya zuwa.

Ɗa ya bugo waya daga Jidda bayan isha'i, ya ce, "Inna, ya ƙarfin jiki?" Amsar ba ta canjawa: "Lafiya lau, alhamdulillahi, Allah ya yi albarka." Ba ƙarya ta yi ba a ganinta. Kawaici ne, ga kuma tsoron kada ta tayar da hankalin wanda ke nema a ƙasar mutane. In kuwa ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ya ji daga bakin wani. Ga wanda ke zaune a Saudiyya babu igama, abin ya fi nauyi, domin ya san in ya fito ba lallai ya koma ba, uwar ma ta sani, shi ya sa take ƙara yin shiru.

Saboda haka wanda ya iya tambaya ba ya tsayawa kan tsohon. Jika ya fi kowa amfani a nan: shi ne ke kwana a ɗakin kaka, shi ne abokin wasanta, babu kunya tsakaninsu. Bayansa sai matar ƙani da ke ɗora tukunya, sai ladan ko maƙwabcin da ke sahu ɗaya da Baba. Su ma ba "ya jikinsa" ake ce musu ba, ainihin abu ake tambaya. Yaushe rabon Baba da sallar asuba a masallaci? Dattijon da ya shekara arba'in a sahun gaba ba ya dainawa haka kawai. Ko dai gwiwa ce, ko ido ba ya gani da duhu, ko kuma fitsari ya fara kufce masa yana jin nauyin mutane. Yana tashi daga tabarma da kansa, ko sai ya dafa bango? Kwanon tuwonsa fa, yana dawowa da saura? Riga ta yi masa yawa? Iya tana iya ɗaukar buta ta zaga ita kaɗai? An taɓa tarar da tukunya ta ƙone a murhu ta manta da ita?

Ɗaya daga cikin waɗannan ba komai ba ne. Uku ko huɗu a wata guda magana ce.

Mantuwa ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kowa na manta inda ya ajiye carbi. Amma tsohon da ke rikicewa a raka'o'in sallar da ya yi tun yana yaro, ko ya fita zuwa gona ya kasa gane hanyar gida, ko tsohuwar da ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta wayi gari tana rantsuwa surukarta ce ta sace, wannan ya wuce tsufa zalla. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da shi, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ƙauye kuwa sai a ce sammu ne ko iska, wani wurin har a jingina wa baiwar Allah maita. Shi kuma na ƙetare, da ya ji uwarsa ta ce an sace mata kuɗi, sai ya hau matar ƙaninsa da faɗa ta waya. Zumunci da yawa ya lalace a kan ciwon da ba a gane ba. Wani abin lura: ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga ya faɗi ko ya hau, kuma waɗannan suna da magani in an yi hanzari.

Ido ma haka. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke kan gaba wajen makantar da manya a Najeriya, kuma mafi yawan makantar ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Aikin cire yana ba ya ɗaukar sa'a guda, ana yin sa a Kano a asibitin ido na ECWA da na Makka da sauransu. Duk da haka akwai tsofaffin da suka shekara a ɗaki jika na ja musu sanda, alhali ɗansu ya turo kuɗin da ya ninka na aikin, an zuba su a ginin shago.

Rashin gani da raunin gwiwa su ke kai wa ga faɗuwa, kuma gidan ƙauye cike yake da tarko: dokin ƙofa mai tsawo, bakin rijiya mai santsi, masai na tsugunno a ƙarshen gida, babu fitila. Tsoho in ya karye a ƙugu, da wuya ɗorin gida ya tayar da shi. Sai asibitin ƙashi na Dala. Daga Riruwai kuwa, sai an ratsa dajin Falgore an yi tafiyar sa'o'i kafin a ga Kano, ga tsadar mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. A lokacin hunturu, wanda ya fi tsanani a tsaunukan Doguwa, ga kaskon gawayi da ake kai wa tsofaffi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin ragon layya ba: kujerar bayan gida, ƙarfen dafawa, fitila mai caji da rana, na'urar awon jini a hannun wani ma'aikacin lafiya na unguwa da zai riƙa leƙowa duk mako. Hawan jinin da ba a auna ba shi ne ke ƙarewa da shanyewar ɓarin jiki.

Kada a jira hukuma. An sa hannu kan dokar Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma tsohon manomin shinkafa a Tudun Wada ba shi da fansho, bai kuma san da ita ba. Sashen kula da lafiyar tsofaffi na farko a ƙasar nan a Ibadan aka buɗe shi, a 2012. Gidan tsofaffi na Shahuci a Kano kuwa na marasa galihu ne, babu ɗan halak da zai so a ce can ya kai mahaifinsa yana da rai da hali. Jinya a gida za a yi ta.

To wa zai yi? Nan ne ake zalunci ba a sani ba. Kusan kullum nauyin kan mace yake faɗawa: matar ƙani mai goyo, ko 'yar da aure ya mutu ta dawo gida, ko jikanyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kaka. Ita ce ke wanki da wanka da tashin dare, amma in an zo godiya, wanda ya turo riyal ake shi wa albarka. Adalci shi ne a zauna a raba aikin tun tsohon na da bakin da zai faɗi abin da yake so, a ware wa mai jinya haƙƙinta daban da kuɗin cefane, a samo mai karɓarta ta huta, kuma namiji ya ɗauki wankan mahaifinsa, don dattijo ba zai yarda suruka ta gan shi haka ba, gara ya zauna da dauɗa.

Mai karatu da ke Kumasi ko Jidda ko Landan, in an kira gida a makon nan, a gaisa da Baba yadda aka saba, sannan a ce a miƙa wa jikansa wayar.