Gudawa Da Amai Ga Jarirai

Daga cikin cututtukan da su ke halaka ƙananan yara a ƙasar nan, gudawa da amai suna sahun gaba. Abin da ya kamata Hakimai da malamansu su fara sani shi ne, ba yawan kashin ba ne ya kan kashe jariri, ƙarewar ruwan jikinsa ne. Jikin jariri ƙarami ne, ruwan da ke cikinsa kuwa ba shi da yawa. In yana fita ta sama da ƙasa ba a mayar masa ba, cikin kwana ɗaya ko biyu sai a rasa shi.

Mutane da yawa su kan ce haƙori ne, su zauna suna jira ya wuce. Wannan kuskure ne. Ƙwayoyin cuta ne su ke shiga cikin yaro ta ruwa marar tsabta, ko ƙazamin hannu, ko abincin da ƙuda ya sauka a kai.

Maganin Farko

Kada uwa ta hana shi nono, sai ma ta ƙara yawan ba shi. Sa'an nan a nemo garin gishiri da sukari na asibiti, wanda a ke kira ORS, a narka ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. In babu, a haɗa a gida: sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwa lita ɗaya. Lalle a kiyaye awon, gama gishiri in ya yi yawa ya kan cutar da yaro.

Duk lokacin da ya yi gudawa, a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, da cokali, kaɗan kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti goma, a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Wannan ruwa an gwada shi. A shekarar 1971, da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, da shi Likita Dilip Mahalanabis ya ceci mutane masu yawa.

Har wa yau akwai ƙwayar zink mai miligiram 20, wadda ta ke rage kwanakin ciwon. Wanda bai kai wata shida ba rabi za a ba shi kullum, wanda ya kai kuwa guda ɗaya, har kwana 10 zuwa 14. A narka ta a cokali da ruwan nono. Yaron da ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu. Kada a saya masa maganin tsayar da gudawa a kanti, kada kuma a ɗura masa jiƙo.

Lokacin Zuwa Asibiti

A tafi da shi nan da nan, ko da dare ne, in idanunsa sun zurma, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya daina fitsari, ko ya kasa kama nono, ko kome aka ba shi sai ya dawo, ko an ga jini a kashinsa. Haka kuma in an matsa fatar cikinsa ba ta koma da sauri ba. Loɓawar maɗiga alamar ƙishirwa ce, shafa magani a ka ba ya tashe ta. Jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a jinyarsa a gida ko kaɗan.

Rigakafi

Nono zalla har wata shida, da wanke hannu da sabulu, da zuba kashin yara a masai, su ne katangar gida. Tun shekarar 2022 kuma aka shigar da rigakafin rota cikin na yara a Nijeriya, ana ɗiga shi a baki a sati 6, da 10, da 14.

Ana roƙon kowane Hakimi ya tara Dagatai da masu unguwanni da ungozomomi, malaminsa ya karanta musu wannan takarda, a kuma auna ruwan a gabansu, don maganar ta isa cikin gida wurin mata, gama a hannunsu jinyar ta ke.