Baiwa ko naci? Tambayar da ke kai 'ya'yanmu kantin magani

Idan kana zaune a Garki ta Inugu, ko titin Bida a Anacha, ko Oyigbo kusa da Fatakwal, ka san yaron da nake nufi. Da safe yana dako a kasuwa ko yana tsaron shagon babansa, da la'asar yana fili yana buga ƙwallo, wani kuma yana ɗaga ƙarfe a lungu. A gida gardama ake yi a kansa. Baba ya ce yaron nan yana da baiwa, a bar shi. Inna ta ce baiwar me, wanda ko asuba sai an yayyafa masa ruwa? Bari mu ɗauki gardamar nan mu kai ta wani wasa da ba a cika kallo a gidajenmu ba, wato zari-ruga mai 'yan wasa goma sha uku, domin a can an daɗe ana yin ta.

Wasan na 'yan ƙwadago ne tun asali. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield, saboda masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa suna son a biya su ladan ranar da suka rasa wajen aiki. Minti tamanin ake yi ana karo da ƙirji da kafaɗa. Mu ma ba baƙonmu ba ne: a 2019 Najeriya ta ci gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas.

Masu cewa baiwa ce komai suna kafa hujja da Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayensa Ibo ne. Allah ya ba shi gudu. A 1992 ƙungiyar Wigan ta saye shi a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a wasan a lokacin, kuma a shekarar ya dire ƙwallo a bayan layi sau goma a wasa ɗaya da Leeds. Ya yi ritaya da irin wannan ci 501. Masu cewa naci ne sai su ambaci Rob Burrow na Leeds. Tsawonsa santimita 165 kacal, a cikin ƙarti masu wuce kilo ɗari. Tun yana yaro ake ce masa ya yi ƙanƙanta, amma ya buga wa Leeds wasa 492, ya ɗauki kofin Super League sau takwas. Sai dai kowane ɓangare yana ɓoye rabin labarin. Burrow ma yana da zafin nama da saurin juyawa waɗanda ba a koya a fili. Offiah kuwa daga 1987 zuwa 2001 yana wasa, kuma gudu kaɗai ba ya riƙe mutum shekara goma sha huɗu ana maka shi da ƙasa.

Likitanci ya ɗan yi mana alƙalanci. A wani bincike mai suna HERITAGE da aka yi a Amurka da Kanada, an sa ɗaruruwan mutanen da ba su saba motsa jiki ba sun yi atisaye iri ɗaya na mako ashirin. Wasu ƙarfin numfashinsu ya ƙaru sosai, wasu kusan bai motsa ba, kuma kusan rabin bambancin gado ne. Ma'ana, har amfanin da jiki ke samu daga wahala ba ɗaya ba ne. Don haka idan ɗanka da ɗan maƙwabci suna atisaye tare, wancan ya yi gaba naka yana baya, kada ka yi saurin kiransa rago. Wannan kalmar ce take tura yara wajenmu.

Abin da na fi gani a bayan kanta ke nan. Yaro ba ya zuwa ya ce a ba shi baiwa. Cewa yake yi a ba shi abin da zai hana shi gajiya, ko wanda zai buɗe masa ƙirji. A wajensa ƙwaya ita ce naci. Ƙwararrun ma sun faɗa ramin nan. Bronson Xerri na ƙungiyar Cronulla a Ostareliya yana da shekara 19, ana yi masa kallon tauraron gobe, gwajin da aka yi masa a ƙarshen 2019 ya nuna sinadaran gina tsoka. Aka dakatar da shi shekara huɗu, sai 2024 ya dawo. A Satumban 2015 kuma an kwashi 'yan wasan South Sydney biyu, Dylan Walker da Aaron Gray, zuwa asibiti ranga-ranga bayan sun sha magungunan kashe zafi fiye da ƙima, ciki har da tramadol. Waɗannan suna da likitocin ƙungiya da motar asibiti a kusa. Yaronmu da ke bayan kasuwa fa?

Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye zafi yake yi. Zafi kuwa ɗan aike ne da jiki ke turowa cewa jijiya ta fara yagewa. Idan aka toshe bakin ɗan aiken, yaro zai ci gaba da gudu a kan rauni har ya zama na dindindin. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, shi ma da takardar likita, amma mai 225 ne ke yawo a hannun matasa. Yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama jiki har a kasa bari. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa, saboda haka mai burin zama ƙwararre ya san gwaji ɗaya zai rufe masa ƙofa. Mazauna Anacha kuma ba sai an tuna musu yadda NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta bakin gada a Fabrairun 2025 ba.

Magungunan gina tsoka sun fi ba ni takaici. A jikin yaron da bai gama girma ba, suna iya rufe bakin ƙashi da wuri, tsawon da Allah ya rubuta masa ya tsaya a hanya. Ka ga ƙwayar da aka sha don cike giɓin baiwa ita ce ta cinye baiwar. "Sha ka fashe" kuma, wanda yawanci dexamethasone ne, kumburi da kitse yake kawowa, tsoka ma rage ta yake yi. Diclofenac da ibuprofen da ake watsawa a baki kafin wasa, a zafin Fatakwal da gumi ba ruwa, ƙoda da ciki ne ke biyan kuɗinsu.

Nacin da ƙwararru ke yi ba shi da armashin kallo. Barci ne a kan lokaci, kuma matashi yana buƙatar awa takwas zuwa goma. Abinci ne: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, duk suna kasuwar unguwarku. Akwai ranar hutu a mako, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Yaron da ya yi dako tun safe ya riga ya yi rabin atisayensa, kada mai horarwa ya auna shi da wanda ya wuni a aji.

Iyaye, ku lura da alamu: barci a zaune, ƙaiƙayin jiki, rashin cin abinci, saurin fushi idan gari ya waye, fankon ƙwaya a aljihun wando. Idan kun tabbatar yana sha kullum, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce ya bari yau, domin yanke tramadol farat ɗaya yana kawo rawar jiki, gumi, gudawa da firgici. A hankali ake rage shi, a hannun likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke New Haven a Inugu yana karɓar irin waɗannan matasa, haka ma sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal. In za ku je, ku tafi da fankon abin da yake sha, don likita ya ga ƙarfinsa.