Zara Matar Wata: Amfani da Haɗarin Binciken Duniyar Zuhura

Tauraruwar nan mai tsananin haske da akan gani a yamma bayan faɗuwar rana, sau da yawa kusa da jinjirin wata, ita ce Hausawa suke kira Zara, suna yi mata kirari da matar wata. Wanda yake fitowa a gabas gabanin asuba kuwa suna kiransa Gamzaki. Ilmin falaki ya tabbatar da cewa sunayen nan biyu na abu guda ne, wato Zuhura, duniya ta biyu daga rana, wadda ta fi kowace duniya kusantowa ga tamu. Wannan maƙala za ta dubi abin da bincikenta ya ci, da abin da ya haifar.

Wajen girma, Zuhura da duniyarmu kamar tagwaye suke, domin faɗinta kilomita 12,104 ne, na tamu kuwa 12,742. Saboda haka, har zuwa farkon ƙarni na 20 wasu masana suna zaton akwai dausayi da tsirrai a ƙarƙashin gajimaren da ya lulluɓe ta. Kumbon Amurka mai suna Mariner 2, wanda ya gifta ta kusa da ita a 1962, ya taimaka wajen rushe wannan zato. Zafin doronta ya kai digiri 465 a ma'aunin Selsiyus, wanda ya isa ya narkar da dalma. Fiye da kashi 96 cikin ɗari na iskarta kabon dayoksaid ne. Nauyin iskar ya ninka na tamu sau 92, tamkar mutum ya nutsa mita 900 a cikin teku. Gajimaren kansa na asid ne, irin wanda yake cikin ruwan batirin mota.

Haɗarin farko ya faɗa wa na'urori ne da dukiyar da aka kashe a kansu. Tarayyar Sobiyat ta yi asarar kumbo da dama kafin Venera 7 ya sauka a 1970, ya aiko da saƙo na minti 23 kacal. Venera 9 ne ya fara aiko da hoton doron a 1975. Venera 13, wanda ya fi duk waɗanda suka sauka jimiri, minti 127 ya yi yana aiki a 1982. Haɗarin bai tsaya can ba. Kumbon Kosmos 482, da aka harba a 1972, ya kasa fita daga kewayen duniyarmu. Sashensa mai nauyin kusan rabin tan, wanda aka ƙera don ya jure wutar Zuhura, ya yi ta kewayawa har ya faɗo a watan Mayu na 2025.

To, mene ne ribar wannan wahala? Babbar ribar ita ce Zuhura ta zama madubi. Ta fi duniyarmu kusa da rana, amma gajimarenta yana mayar da mafi yawan hasken da ya same ta. Abin da ya mai da ita tanderu shi ne iskar kabon, wadda take barin haske ya shiga, ta hana zafi fita. Carl Sagan ya yi bayanin haka tun 1960. James Hansen kuwa da nazarin gajimaren Zuhura ya fara, kafin ya juyo ga yanayin duniyarmu, har ya gargaɗi Majalisar Dattawan Amurka game da ɗumamar yanayi a 1988. Ba ana nufin hayaƙin masana'antu zai mai da duniyarmu Zuhura ba. Abin lura shi ne ƙa'idar da take aiki a can ita ce take aiki a nan.

Daɗin daɗawa, wahalar sauka ta koya wa masana dabarun bincike daga nesa. A 1985 kumbon Vega guda biyu suka saki balan-balan a tsayin kimanin kilomita 54, inda zafi yake da sauƙi, suka yi kusan kwana biyu suna aiki. Daga 1990 zuwa 1994 kuma kumbon Magellan ya zana taswirar kashi 98 cikin ɗari na doronta da na'urar rada, ya nuna duwatsu masu aman wuta birjik.

A taƙaice, Zuhura wurin aika na'ura ne. Babu hujjar sayar da ran ɗan Adam a doron da na'ura mafi ƙarfi ba ta wuce sa'a biyu da 'yan mintoci ba. Amma ilmin da aka samo daga gare ta ya shafi rayuwar kowa, domin ya nuna iyakar abin da iska za ta iya yi wa duniya.