CIWON DASASHI: MUNA DUBA BAKIN SA, MUN MANTA DA NAMU

'Yan'uwa fatake da dillalai, babu wanda ya kai mu sanin haƙori. Ko a kasuwar Maigatari ne, ko Mubi, ko Birnin Konni, da mun ɗaga leɓen sa mun ga haƙoransa takwas na ƙasa, mun san shekarunsa, mun kuma san kuɗinsa. To, amma yaushe rabon da ɗayanmu ya ɗauki madubi ya duba nasa bakin? Da yawa daga cikinmu sai haƙori ya fara girgiɗi sannan mu farga, alhali ciwon ya daɗe yana cin dasashi a ɓoye.

MAFARIN CIWON

Kullum akwai wata dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Cike take da ƙwayoyin cuta. In an goge ta, shi ke nan. In aka bar ta 'yan kwanaki, sai ta daskare ta yi tauri kamar tsakuwa, ta yadda asuwaki ko buroshi ba su iya ɓamɓare ta, sai likitan haƙori da kayan aikinsa.

Ciwon hawa biyu ne. A hawa na farko dasashi ne kaɗai ke kumbura yana jini, kuma yana warkewa sarai in an kula. A hawa na biyu cutar ta nutsa, dasashi ya saki haƙori, ƙashin da ke riƙe da shi ya fara zagwanyewa. Turke ne da ƙasar gindinsa ta zaizaye, komai ƙwarinsa sai ya tuge. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da ɓarnar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da wannan hawa mai tsanani, watau mutum fiye da miliyan dubu ɗaya.

ABUBUWAN DA KE ƘARA MASA ƘARFI

Na farko, rayuwar hanya. Mutum ya yi lodi daga Damagaram ko Marwa, ya kwana uku a saman tirela kafin ya isa Ikko, hankalinsa duk yana kan shanu kada wata ta faɗi a tattake ta. Ina ya tuna da goge baki? Ga shayi mai zaƙi safe da yamma, sukarin kuwa abincin ƙwayoyin nan ne. Ga ƙishirwa, alhali yawu shi ke wanke baki.

Na biyu, taba, ko ta sha ko ta gari da ake cusawa a leɓe. Muguntar sigari ita ce tana tsuke jijiyoyin jini, sai dasashin mai shanta ya ƙi yin jini ko da cuta ta yi nisa. Shi yana ganin lafiya lau yake.

Na uku, ciwon suga. Mai shi ya fi saurin kamuwa, kuma ciwon dasashi kan sa sugan ya ƙi daidaituwa. Har ila yau akwai tsufa, da gado, da ƙarancin cin 'ya'yan itace irin su lemo da gwaiba. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya su ma kan kumbura dasashi. Kada a daina shan su, a dai gaya wa likita. Goro kuma, jan da yake bari kan rufe alamun, mutum ya tofar da jini ya ce ai goro ne.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Jini a jikin asuwaki ko buroshi, ko lokacin yagar tsire.
2. Dasashi ya kumbura, ya yi taushi ko sheƙi.
3. Warin baki da ba ya tafiya ko an wanke.
4. Haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, don dasashi ya janye.
5. Ruwan mugunya a gindin haƙori.
6. Haƙori na motsi, ko wata sabuwar wushirya ta ɓullo.

A lura, galibi ba ya zafi da farko. Abin da ke ruɗin mutane ke nan.

ABIN YI

A goge baki sau biyu kullum, musamman kafin barci, a bi gindin haƙora a hankali, ciki da waje. Ganin jini ba dalilin dainawa ba ne. Asuwaki da buroshi su zama cikin jakar tafiya kamar takardun shanu. In jini ya wuce mako biyu, a nemi likitan haƙori a babban asibiti ya kankare dauɗar, a kuma auna suga. Kada a miƙa baki ga masu cire haƙori na bakin kasuwa.

Sai mu tuna da yaran da muka bari gida. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari, a kai shi asibiti ran nan, don yana iya zama mafarin cutar noma mai cinye fuska cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato.

Mun san sa marar haƙora ba ya kiwo, ba ya kuma daraja a kasuwa. Mu kula da namu tun suna tsaye. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a fatauci, amin.